Ranar Da Hannuwana Suka Ƙi Ni A Ɗakin Asabe

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gaishe ku masu karatu, kowa da inda yake zaune. Tun kafin ku gyara zama bari in faɗa muku, wannan labarin ba na yabon kai ba ne. Akwai wata mata a Mai Wurno, garinmu na Hausawa a ƙasar Sudan, da ke amsa sunana, yanzu har ta yi jikoki, duk inda ta gan ni sai ta durƙusa ta ce ni na ceci ranta ranar da aka haife ta. Ni kuwa duk lokacin da ta faɗi haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau zan faɗi abin da ya faru a ɗakin nan, in kun ga dama ku zage ni, na cancanta.

Sunana Rabi'atu, 'yar Malam Audi mai lambu a bakin kogi. A shekarar sittin da takwas, ina da shekara goma sha tara, mai unguwarmu ya zo ya sami Baba ya ce hukuma na neman yarinya mai kai, a tura ta birnin Madani ta koyi karɓar haihuwa. Daya, haka Larabawa ke kiran ungozoma, mu ma haka muke faɗa. Kafin Baba ya buɗe baki gidanmu ya cika da gwaggonni, kowace da tata.

"Budurwa ta tai kallon haihuwa? Audi, wa za shi ɗauke ta bayan nan?"

Baba bai yi gardama da kowa ba. Ya dai ce, "Uwatta a kan gwiwa ta rasu, kuna nan zaune kuna salati. Ta tafi ta koyo."

Wanda ake cewa ba zai ɗauke ni ba kuwa shi ne Ladan, tela a kasuwa, dogo, mai kunya kamar sabuwar amarya. Shekara guda yana nemana amma bai taɓa yi min magana ta wuce gaisuwa ba. Duk abin da ke ransa a takarda yake rubutawa da ajami, ya naɗe a cikin ɗinki, ƙanwarsa Asabe ta kawo min. Asabe ƙawata ce tun muna wasan 'yar tsana, ta riga ni aure da shekara guda. Ladan ne ya ɗinka min farar rigar makaranta, a aljihunta na sami wannan: "Rabi, na yi miki aljihu biyu. Ɗaya na almakashi, ɗaya na wasiƙata. Kada ki haɗa su."

Matsalar tana wajen mahaifiyarsa. Ba zan faɗi sunanta ba, ban taɓa faɗa ba, Innarsu Ladan nake cewa har yau. Ita ta ce ba ta hana ba, ba ta kuma yarda ba, amma yarinyar da idonta ya buɗe tun kafin aure sai an yi mata kallon tsanaki. Kowa ya san abin da take nufi.

Wata tara na yi a Madani, kuma ba alfahari ba, ni ce ta ɗaya. Yawancinmu ba mu iya karatun boko ba, don haka da hanci da harshe aka koya mana magani. A ɗaure miki ido da ƙyalle, a miƙo miki kwalba, ki shinshina ki faɗi sunansa da aikinsa. Ban taɓa kuskure ba. Akwai 'yar tsanar tsumma da muke gwaji da ita, idona a rufe nake karɓarta, in share mata baki, in ɗaure cibiya wuri biyu in yanke a tsakani. Na kuma karɓi haihuwa ta gaske har goma sha ɗaya, sai dai kullum malamarmu na tsaye a bayana, wata Balarabiya mai kaurin murya da muke kira Sitt.

Wata rana Sitt ta zaunar da mu ta ce za ta gaya mana abin da ba ya cikin akwati. Ta ce a cikin kan kowane mutum akwai wani ɗan mai gadi wanda ya fi tunani sauri. Da ya hango haɗari ba ya shawara da kowa, sai ya kwashe ƙarfin jiki ya zuba a ƙirji da ƙafafu, ya rufe ɗakin da kika ajiye karatunki. Bakinki zai bushe, ganinki ya tsuke, kunnenki ya toshe. Wani ya gudu, wani ya yi faɗa, wani kuma ya sandare a inda yake. Ta ce wannan ba rashin ilimi ba ne, haka aka halicci jiki, kuma ya fi kama wadda ta fi kowa tsoron a ga gazawarta. Tana faɗa tana kallona. Ni kuwa a raina na ce wannan na masu ƙwaƙwalwar kifi ne, na ci gaba da goge almakashina.

Na dawo Mai Wurno da akwatin kwano a ka, farar riga, farin mayafi, ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. A cikin akwatin akwai almakashi, zare, auduga, sabulu, burushin farce da kwalabe shida. Ko Baba ban yarda ya taɓa shi ba sai ya wanke hannu.

To dama unguwarmu tana da ungozomarta, Iya Yalwa, tsohuwa gajera mai haƙori huɗu. Ita ta yanke cibiyar rabin mutanen unguwar, har da tawa. Ranar da ta zo yi min sannu da zuwa ta miƙo hannu za ta shafa akwatin, na janye shi.

"Iya, wannan farcen naki ai sai a shuka gero a ciki."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, ta dubi farcen nata ta ce, "Gaskiyarki, ɗiyata. Ki ba ni aron burushin in kin gama." Na ji daɗin kaina ranar, Allah Ya yafe min.

Sati uku da dawowata babu wadda ta kira ni, kowa na jira ya ga wa za ta fara. Sai ga cikin Asabe ya tsufa, ta dawo gidansu goyon ciki. Ran Litinin aka kawo min ɗinkin ɗankwali daga kasuwa, a cikinsa takarda: "Inna ta ce ke za ki karɓi haihuwar Asabe. Ta ce in kin fid da ita lafiya za a kai goro gidanku. Kada ki ji tsoro."

'Yan uwa, da bai rubuta layin ƙarshen nan ba da ya fi min. Ban san da tsoron ba sai da ya ambace shi.

Ran Talata bayan azahar aka aiko. Lokacin tsinkar auduga ne, rabin gari yana hawasha, wato gonakin hukuma da mutanenmu ke yi wa aiki, unguwa tsit sai kukan kaji. Na sami Asabe durƙushe a kan tabarma gefen angarib, gadon nan namu na igiya, gumi ya jiƙe mata kitso, ta cije gefen zane don kada a ji muryarta. Innarsu Ladan na riƙe da kafaɗunta. A bakin ƙofa kuma ga Iya Yalwa a tsugune, wai ta zo taya hura wuta.

Na durƙusa na gaida Innarsu Ladan, kaina a ƙasa. Ta amsa a taƙaice, ta ce, "To, daya. Mu ga abin da hukuma ta koya miki."

Ku da kuka san surukuta kun san halin da nake ciki. Matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, in na hango ta a hanya sai in sake lungu, yau ga ta a gabana taku ɗaya, tana kallon hannuwana. A Madani Sitt ta koya mana cewa a ɗakin haihuwa daya ce sarauniya, ita ke cewa wance fita, wance matsa. Ni ina zan iya ce wa wannan matar ta matsa? Ko sabulu na ɗauka sai in ji idonta a kan yatsuna. Na wanke hannu sau uku don na manta ko na wanke.

Duk da haka abin ya tafi daidai har wajen la'asar. Kai ya fito, kafaɗa ta biyo, sai ga yarinya ta sulluɓo a tafin hannuna. Na jira kukan, bai zo ba. Jikinta ya saki, launinta ya yi toka-toka, hannuwanta na lilo.

Innarsu Ladan ta leƙo ta ce, "Innalillahi! Ba ta motsi!"

Na san abin yi. Wallahi na sani. Sau ɗari na yi wa 'yar tsana, sau biyu na ga Sitt ta yi wa ɗan mutum. Amma da na nemi abin a kaina sai na tarar babu komai, fayau. Bakina ya bushe har harshena ya manne. Ɗakin ya tsuke, ban ganin Asabe, ban ganin ƙofa, sai wani ɗan tabon jini a gefen farar rigata, shi kaɗai nake kallo, har ina tunanin da wane sabulu zai fita. Ku ji fa, rai na fita a hannuna ni ina tunanin wanki. Muryoyi na zuwa min daga nesa kamar kaina na cikin randa. Zuciyata na dukan ƙirjina, ƙafafuna na ce min tashi ki gudu, amma ko yatsa na kasa ɗagawa. Na ce wa hannuna motsa, ya ƙi. Na fara lissafi, baki ake fara sharewa ko baya ake fara murzawa, da na kama ɗaya sai ɗayan ya kuɓuce. Abu guda ne kawai ke yawo a kaina, tana kallona, tana kallona.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Sai na ji muryar Iya Yalwa, ba ihu, ba gaggawa.

"Ke uwar ɗiya, tashi ki kawo garwashi da ruwan ɗumi. Maza. Daya na son wuri."

Innarsu Ladan ta fita da gudu. Asabe ta kife a kan angarib, ba ta san inda take ba. Iya Yalwa ta tsuguna a gabana, ta ɗauke yarinyar daga hannuna kamar yadda ake ɗauke kwano daga kan tabarma. Ta sa bakinta ta tsotse hanci da bakin jaririyar ta tofar, ta kifa ta a tafinta ta murza bayan da gefen zanenta, ta juyo ta ta hura mata iska kaɗan-kaɗan. Na ga farcenta, a yanke yake tas, a wanke. Ta sake murzawa, ta sake hurawa, tana magana ƙasa-ƙasa, "Haba baƙuwa, kin yi tafiya mai nisa, ki yi sallama mana."

Yarinyar ta yi wani ɗan tari. Ƙafarta ta harba.

Muka ji takun Innarsu Ladan a tsakar gida. Kafin in ankara Iya Yalwa ta mayar min da yarinyar a hannu, ta matse yatsuna a kanta, ta ja da baya ta koma bakin ƙofa. Labule na ɗagawa jaririyar ta tsala kuka, a hannuna.

"Allahu Akbar!" Innarsu Ladan ta kusa zubar da garwashin. "Ta dawo da ita! Yalwa, kin gani?"

"Na gani da idona," in ji Iya Yalwa. "Karatu ba ƙarya ba ne."

Kukan nan ne ya buɗe min kai. Hannuwana suka dawo kamar ba su taɓa tafiya ba, na ɗaure cibiya na yanke, na jira mabiyiya, na duba jini, na gyara Asabe tsaf. Wanda ya shigo a lokacin zai rantse gwana ce. Kafin magariba labari ya gama unguwa, kafin masu auduga su dawo an ƙara masa gishiri, wai yarinyar ta mutu sarai na busa mata rai da wani ƙarfe daga akwati. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ni kuwa ko tuwo ban ci ba, na shige ɗaki.

Washegari da hantsi na tafi gidan Iya Yalwa. Na same ta tana tsince wake a faifai. Ban ko gama sallama ba hawaye suka zubo.

"Iya, mi ya sa kika yi haka? Ni ban yi komai ba. Zan je in faɗa musu."

"Zauna," ta ce. "In kin faɗa, wa za shi ƙara kiranki? Ni hannu gare ni, ba ni da akwati. Mata nawa jini ya kwashe a gabana ina kallo, har da uwarki. Abin da za shi tsai da jinin nan yana cikin kwalbarki. In sunka ƙi ki, sun ƙi shi."

"To ai hannuna ba ya aiki, Iya. Na sandare."

"Kin iya lugude?"

Na ce na iya.

"In kina daka ke ɗaya, kina jefa taɓarya sama ki tafa ki cafe, kina tunanin yaushe za ki saki, yaushe za ki tafa?"

"A'a."

"To ran da kika tsaya tunani don wani na kallonki, ran nan taɓarya za ta sauko miki a ka. Jiya ba ɗiyar kike kallo ba, kanki kike kallo da idon surukarki. Ni haihuwata ta fari da na karɓa, fitsari na saki a zane." Ta yi dariya har haƙoran nan huɗu suka fito. "Wadda ta koya min ta tsaya a bayana har haihuwa bakwai kafin jikina ya yarda. Ke ma haka za mu yi. Duk inda anka kira ki, ni mai hura wuta ce. Ki fitar da numfashi a hankali, ki kama abu guda ki yi, in kin gama ki kama na biyu. In kin tsaya, ina nan. Ba mai sani."

Na koma gida da sauƙi a raina. Har na fara gaya wa kaina cewa ai ba ƙarya na yi ba, shiru kawai na yi.

Ran suna aka yanka rago da safe, liman ya raɗa wa yarinya Rabi'atu. Ladan ya aiko min da tobi ruwan ƙwai mai ɗigon fari, irin lulluɓin matan Sudan, da takarda a ciki: "Inna da kanta ta zaɓi launin. Jibi baffannina za su zo wurin Baba." Na sa lalle, na yafa tobin, na tafi. Da yamma gidan ya cika da mata, ga kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa busasshiya, ga tuwon dawa, ƙamshin gahawa da turaren wuta ya cika ko'ina. Aka shimfiɗa min darduma kusa da mai jego. Iya Yalwa na can gindin murhu tana wanke kwanuka, ita da ta kwana bakwai tana zuwa wankan jaririya safe da yamma.

A unguwarmu akwai kason ungozoma ran suna, cinyar rago da kwanon dawa da sabulu. Shekara arba'in Iya Yalwa ke ɗaukar wannan kaso, da shi take ci, ba ta da miji ba ta da gona. Sai ga Innarsu Ladan ta fito da shi a faifai, ta ratsa mata, ta wuce murhu ko waiwaye, ta dire a gabana.

"Ku saurara," ta ce. "Ni na yi shakkar ɗiyar ga, yau na janye. Da idona na ga jikata ba rai, tsohuwa na tsugune bakin ƙofa ba ta da abin yi sai aikena ɗibar garwashi. Da ita kaɗai ce a ɗakin da yanzu zaman makoki muke. Mun gode wa Yalwa, ta yi zamaninta. Amma daga yau duk wadda ta kira ta ɗakin haihuwa a unguwar ga, ko hura wuta ne, alhakin abin da ya faru na wuyanta. Muna da daya."

Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta ce dama farcenta ma abin tsoro ne, aka yi dariya, maganata ce aka maimaita.

Na ɗaga kai na dubi murhu. Iya Yalwa ta tsaya da wanki, kwano a hannunta, ruwa na ɗiga. Ba ta yi min alamar in yi magana ba, ba ta yi min alamar in yi shiru ba, kallona kawai take.

Na miƙe tsaye. Wallahi na miƙe da niyyar faɗa. Kowa na jiran jawabin daya. Sai na ji bakina ya fara bushewa, na ga Innarsu Ladan na min murmushi karo na farko a rayuwata, na tuna baffannin Ladan jibi, na tuna fuskar Baba. Amma kada in yi muku ƙarya, wannan karon ba irin na ɗakin Asabe ba ne. Kaina a buɗe yake, kalmomin na nan a jere a bakina, na san su ɗaya bayan ɗaya. Ni na haɗiye su.

Na ce, "Na gode, Inna." Na zauna.

Da na sake duban murhu, Iya Yalwa ta sunkuya ta ci gaba da wanke kwanonta.

An kawo goro ran da aka ce. Gwaggonnin da suka ce ba mai ɗaukata su suka fi kowa rawar kai. Ni kuwa na daina bin lungun gidan Iya Yalwa, ko rijiya za ni sai in zagaya ta bayan masallaci. Kullum ina cewa gobe zan je da cinyar ragon da na sa aka soya, in ba ta haƙuri, mu san dabarar da za mu yi. Goben ta yi ta zama gobe har kwana goma.

Ran na goma sha ɗaya da rana tsaka ina tankaɗe a tsakar gida, sai ga uwargidan Alhaji Salihu ta faɗo ba sallama, mayafinta a hannu.

"Daya, taso! Aishatu ce, matar ɗana. Tun safe take abu guda, ɗan ya ƙi saukowa, ga jini."

Na miƙe, gari ya zube a ƙasa. Na ce, "To, to. Ki biya ki kira min Iya Yalwa, ta zo ta hura wuta."

Ta dube ni kamar na yi hauka.

"Wace Yalwa? Ai ta bi lori tun ran kasuwa, ta koma Abu Hujar wurin ɗiyar ƙanwarta. Ta ce ba ta da abin ci a nan. Mi za ki yi da ita, ke da kika ta da matacce? Taso, don Allah, ke kaɗai muke da."

Akwatin na nan a kan angarib inda na ajiye shi. Na ɗauka na ɗora a ka, na bi ta, wannan karon babu mai tsaya min a baya.